Likkafanin Wadda Ta Riga

Uwar mijina, Sugran, kunnenta na hagu ya daɗe da yin ritaya, na daman ma sai ka ɗaga murya. Amma a yaga ƙyalle a ƙarshen lungunmu, za ta ɗago kai daga tsintar shinkafa ta ce, "Wannan roba ce, an cuci wani." Shekara ashirin da biyu ina zaune da ita gida ɗaya, ban taɓa kama ta da kuskure a kan ƙyalle ba. A kan gishirin miya dai na kama ta ba adadi, ba ta kuma taɓa amsa laifi ba.

Unguwa duka Masi Sugran ake ce mata, wato Inna Sugran, mu na gida Ammi, wato Mama. Ita ce mai wankan gawar mata a unguwarmu, bayan kasuwar hatsi ta birnin Multan, tun kafin a haifi mijina Ashik. In mace ta cika, ita ake fara aika wa kafin dangin nesa. Za ta ɗauki jakarta ta tsohon buhu, a ciki da ganyen magarya, kafur, sabulu, reza ɗaya da kwalin ashana, ta ja takalmi ta tafi. Ba ta karɓar ko rufi ɗaya, kuɗinmu na nan. Shayi kawai take sha bayan ta gama, shi ma sai an zuba sukari cokali uku, alhali likita ya daɗe da hana ta.

Likkafanin mace a wurinmu guda biyar ne: riga, zane, ɗaurin ƙirji, kallabi, da babban mayafin da ke naɗe duka. Na namiji uku. Da latta ake yi, farin yadin nan na auduga tsantsa, kuma ba a ratsa shi da almakashi, ba a sa masa allura. Reza za a ɗan tsaga baki da ita, sai a kama da hannu biyu a yaga. Ammi ta ce latta na gaskiya murya ɗaya gare shi, fyaaat, ya tafi a miƙe har ƙarshe. Wanda aka cakuɗa da roba kuwa sai ya yi ta gardama, ya karkace, ya bar zare-zare. In mai kaya ya yi musu, sai ta zare sili ɗaya ta ƙyasta ashana. Auduga toka take zama, ka murza ta ɓace. Roba dunƙulewa take ta zama ɗan baƙin ƙwallo mai wari.

"Ƙasa ba ta cin wannan," in ji ta. "Mutum ya koma ƙasa, rigarsa ta ƙi bin sa? Ba dai da hannuna ba."

Da aka fara sayen kayan mutuwa ta waya, aikin Ammi ya ƙaru. 'Ya'yan unguwa sun watse, wasu Karaci, wasu Dubai, kowa na so ya nuna bai manta da tsohuwarsa ba. Sai ya shiga intanet, ya ga hoton farin yadi an jera shi da turare da carbi, ya latsa. Mun ga abubuwa. An kawo wa matar mai gasa gurasa likkafanin da ko ɗan akuya ba zai rufe ba. An sayar wa wani malamin makaranta filin kabari biyu, nasa da na matarsa, da ya hau mota ya je gani ya tarar gonar rake ce, mai gonar har ya ba shi kara ɗaya ya sha a hanya.

Sai Ammi ta kafa doka, ba wanda ya naɗa ta. Duk shagon da ba shi da ƙofar da za ka je ka buga, a bar shi. Duk wanda ya ce a biya kafin kaya su iso, a bar shi. In mai talla ya cika salati a tallarsa, a riƙe jaka da kyau. Sannan kada a miƙa wa mai kawo saƙo kuɗi sai an buɗe kaya a gabanta, don ba a cinikin biri a sama. Mai kawo mana saƙo wani ƙato ne mai gashin baki da babur mai tari, ranar farko ya so ya yi mata taurin kai.

"Masi, kamfani ya hana a buɗe kafin a biya."

"To kamfanin ya zo ya kwanta a ciki mu gwada tsawon."

"Ni ɗan aike ne fa, Masi."

"Shi ya sa ban zage ka ba. Buɗe."

Ya buɗe. Yanzu in ya ga kwali mai kama da likkafani, ƙofarmu yake fara tsayawa kafin gidan masu shi, ya sha ruwan sanyi ana ƙona zare.

Katanga ɗaya ta raba mu da gidan Jindan. Ita da Ammi shekara hamsin suna tare, kuma ban taɓa jin sun gaisa ba tare da baƙar magana ba. Jindan daga ƙauyukan Khanewal aka auro ta, inda ta tashi tana tsinar auduga a gonakin masu ƙasa, don haka Ammi ke kiran ta 'yar gona. Ita kuma tana kiran Ammi mai jiran gawa. Ɗa ɗaya Allah ya bar mata, Liyakat, ya tafi Italiya yana aikin gonar tumatir ba takardu, shekara tara bai iya zuwa gida ba, don in ya fito ba komawa. Matan lungu kuwa ba sa rasa abin faɗi. A bakin famfo za ka ji ana cewa ya auri Baturiya, ya manta da uwar da ta goya shi. Jindan tana ji, ta yi kamar ita ce mai ciwon kunnen.

Wata Laraba da hantsi mai babur ya wuce ƙofarmu bai tsaya ba, don an riga an biya daga can, ba abin da zai karɓa. Kafin azahar Jindan ta aika gida-gida a zo. Muka tarar ta shimfiɗa darduma a kan gadon igiya ta ɗora wani kwali mai ruwan zinare, da hoton Ka'aba a murfinsa. Ciki likkafani ne, da takarda mai hatimi wai an tsoma shi a ruwan Zamzam an shanya shi a Makka. Liyakat ne ya saya mata a intanet, kuɗin aikinsa na kusan wata guda.

"Ku taɓa, ku taɓa," take cewa, bakinta ya ƙi rufuwa. "Ina masu cewa ya manta da ni? Yana can cikin tumatir yana tunanin kabarina. Wane ɗa ne a lungun nan ya yi wa uwarsa haka?"

Mata suka yi ta shafawa suna shafa fuska. Daga nan duk ido ya koma kan Ammi, don kowa ya san hukunci a hannunta yake. Ta matso, ta sa yatsu biyu ta murza gefen yadin, ta ɗaga ninki ɗaya ta leƙa. Ina tsaye a bayanta na ga wuyanta ya sandare. Na jira reza, na jira ashana. Ammi ta mayar da ninkin yadda yake, ta rufe kwalin da hannunta.

"Allah ya yi wa Liyakat albarka," ta ce. "Ke kuma 'yar gona, a ba mu shayi ko kallo kawai aka kira mu?"

Muna shiga gida ta yi jifa da mayafi.

"Roba! Roba tsantsa, ko labulen makewayi ya fi shi mutunci. Kuma guda uku ne, na namiji. Matsiyatan ko tambaya ba su yi ba mace ce ko namiji. Zamzam! In wannan ya ga ko ruwan famfo a yanka ni."

Na riƙe lambar da ke jikin kwalin a kaina, na ɗauko waya na kira, a kashe. Na nemi shafinsu, suna ya canza, hotunan dai su ne, yanzu dabinon Madina suke sayarwa. Ba adireshi ko na ƙarya. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san yadda bayan mutum ke ciwo a gonar tumatir ko ban je Italiya ba. Na ce, "Ammi, ki gaya mata. Abokin kuka ai ba a ɓoye masa mutuwa."

"In gaya mata me? Cewa abu ɗaya da ɗanta ya aiko a shekara tara, shara ne? Gobe a bakin famfo a ce Liyakat ya saya wa uwarsa leda? Kin ga fuskarta yau?"

"To ranar da ta cika fa? Ke za ki yi wankan."

"Shi ne abin da ya hana ni zama." Ta zauna duk da haka. "Ba zan naɗe Jindan a roba ba. Ba zan kuma tsaya a gaban mata in ce kayan ɗanta ba su kai ba."

Kwana uku ba ta yi mini ƙorafin gishiri ba, daga nan na san abin ya kai mata ko'ina.

Ammi tana da nata likkafanin a ƙasan akwatin ƙarfe. Mijinta, marigayi Karam Din, mai keken doki ne, ya shekara goma sha takwas yana tarin kuɗi kafin ya sami zuwa hajji, shi kaɗai, don kuɗin bai kai na biyu ba. Ya tafi da latta daga kasuwarmu, nasa da nata, ya tsoma da hannunsa a Zamzam ya shanya a rana yana zaune yana gadi. Nasa ya tafi da shi shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Nata yana nan, ninkin ya yi ɗan rawaya-rawaya, da ɗigon tsatsa ɗaya a gefen kallabin. Takan ce hajjinta ke nan, tunda ƙafarta ba ta je ba, rigarta ta je.

Tsofaffin lungunmu suna da al'ada, kowace shekara in Sha'aban ya raba, sai su fito da likkafaninsu su shanya a rana, a canza ganyen darbejiyar da ke hana asu ci, a mayar. Ammi da Jindan tare suke yi, a saman soronmu, suna zagin juna. Wannan shekarar da safe Ammi ta ce mini, "In mun hau, ki ba mu rabin awa, sai ki kira ta ƙasa ki ce Liyakat ne a waya."

"Ƙarya za ki sa ni, Ammi?"

"Wadda kike yi wa ɗana a kan kuɗin cefane fa, ni na sa ki?"

Na yi yadda ta ce. Jindan ta sauko da ƙyar tana dafa bango, na ce layi ya yanke, na tsare ta da shayi da labarin tsadar albasa. Da ta koma sama kwalinta na rufe, an ɗaure da zare, Ammi na zaune tana fifita kamar ba ita ba. Idon Jindan ya yi yana, mun san ba za ta ga bambanci ba. Ta rungumi kwalinta ta tafi gida da likkafanin da Karam Din ya kawo wa Ammi a ciki. Ammi ta cusa robar a ƙasan akwatinta, ta ci abincin rana har da ƙari. Ni ce ma na kasa ci. Na ji tausayinta har hawaye suka zo mini, sai na ce barkono ne.

Kwana takwas bayan haka, da la'asar, Jindan ta shigo ba sallama, kwalin a hammatarta. Ta ajiye shi a kan gadon igiya ta zauna tana haki.

"Ke, mai jiran gawa. Ashe har sata kike yi da tsufanki?"

"Satar me? Me gare ki da za a sata, haƙora?"

"Ɗigon tsatsan nan na kallabi, shekara nawa ina shanya shi tare da ke? Ido ne ya tafi, yatsu suna nan." Ta ɗaga hannuwanta, duk tabon ƙayar auduga. "Tun ina 'yar shekara bakwai nake tsinar auduga, Sugran. Kina jin sai kin gaya mini roba? Tun mai babur bai juya ba na sani. Na ƙirga kuma, uku ne."

Ammi ta buɗe baki ta rufe. Ban taɓa ganin haka ba, na ji daɗi ƙwarai, Allah ya yafe mini.

"To don me kika tara mana mata kina ta rawar kai?"

"Yadin nake nuna musu? Ɗana nake nuna musu. Shi da zuciya ɗaya ya saya. Waɗanda suka cuce shi su da Allah. Na ce ranar da na mutu ai ke za ki yi wankan, za ki san yadda za ki rufa mana asiri. Ban ce ki ba ni hajjinki ba." Ta tura kwalin gaban Ammi. "Ɗauki kayanki."

"Na bayar. Ba na lashe abin da na tofar."

"Ni kuma ba na shiga kabari da kayan sata."

Suka yi ta tura kwali tsakaninsu, ni ina tsaye da tiren shayi yana hucewa. Can Jindan ta dafa murfin ta ce, "To tsaya. Likkafani ɗaya, tsofaffi biyu. Wadda ta riga, nata."

Ammi ta kalle ta, sai kafaɗunta suka fara rawa. Suka yi dariya har Jindan ta shaƙe na bubbuga mata baya. Aka yi sharaɗi kwalin zai zauna a gidan Jindan, don mata su ci gaba da ganin sa, kuma Liyakat ba zai taɓa ji ba. Jindan ta juyo ta nuna ni da yatsa ta ce, "Ke kuma matar Ashik, ciki ba don gurasa kaɗai aka yi shi ba."

Shekara biyu da rabi suka yi suna wannan tsere, kuma ina jin su ne shekarun da suka fi jin daɗi. Ammi ta yi tari sau ɗaya, sai ka ji murya ta bayan katanga: "Ke! Kada ki yi mini wayo, sha magani!" Jindan ta kwana biyu ba ta fito ba, Ammi za ta dafa mata kaza da citta ta kai da kanta, ta tsaya a kanta sai ta cinye, tana cewa, "Tashi, ban yarda ba, ni na girme ki da wata biyar, layi ake bi." Jindan ce ta sa ido a kan sukarin shayin Ammi har ya dawo cokali ɗaya, abin da likita ya kasa.

Jindan ta cika wata Litinin da safe, lokacin mangwaro, bayan ta karya kumallo. Ba ta yi jinya ba. Ammi ta ɗauki jakarta ta tafi, na bi ta da tulun ruwan magarya. Ta yi wankan a natse, tana magana ƙasa-ƙasa kamar yadda take yi wa kowace gawa, sai dai wannan na ji tana cewa, "Kin yi mini wayon dai, 'yar gona." Aka kawo kwalin zinare, mata suka matso suna salati. Ammi ta warware guda biyar cif, ta ɗauki rigar, ta tsaga da reza inda wuya zai shiga, ta kama da hannu biyu.

Fyaaat.

Matar mai gurasa ta ce, "Kun ji latta! Allah ya yi wa Liyakat albarka." Duka ɗakin aka amsa da amin. Ammi ba ta taɓa kuka a wurin wanka ba, tana cewa hawaye ba ya taɓa gawa. Ran nan ta juya baya ta yi shi a cikin mayafinta, ta share, sannan ta dawo ta ɗaure ƙafafun.

Bayan sati ɗaya ta sa na raka ta kasuwa sayen sabon likkafaninta. Ta sa mai shago ya sauke bandir huɗu, ta yaga bakin kowanne tana kara kunnen dama, ta zaɓi ɗaya, ta yi ciniki kamar za ta yi ɗinkin biki. Ta dawo tana cewa ai wannan ma ya fi wancan laushi.

Liyakat ya sami takardunsa a ƙarshe, ya iso ana saura kwana biyu addu'ar arba'in. Ya rame, furfura ta fito masa a gefe. Bayan an watse ya shigo gidanmu ya durƙusa gaban Ammi, ta dafa kansa.

"Masi, an ce ke kika yi mata komai. Likkafanin ya yi? Ya isa?"

"An sa uwarka a latta tsantsa, guda biyar, wanda ya sha Zamzam. Ni na yaga da hannuna, unguwa duka ta ji."

Ya rufe fuska ya daɗe a haka. Da ya ɗago ya ciro wayarsa ya ce, "Masi, ban san da me zan saka miki ba. Bari in nemo mutanen nan in sayo miki irinsa, ke ma ki ajiye."

Ammi ta miƙa hannu ta kife wayar a kan gwiwarsa, ta bar hannunta a kai.

"Mayar da wayarka, ɗan nan. In kana da abin saya, kawo a buɗe a gabana tukun, haka dokar lungun nan take tun ba ka nan. Irin na uwarka kuwa kada ka wahalar da kanka da nema. Guda ɗaya ne, kuma ta riga ni."